Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Tsofaffin Da Ƙwaya Da Giya Suke Ci A Ɓoye

Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah Ya taya ka riƙon wannan amana, na rubuto maka ne game da wani rukuni na 'yan ƙasa da yaƙin da ake yi da shaye-shaye ya tsallake, wato dattawa maza da mata da suka haura shekara sittin, waɗanda ƙwaya ko giya ta riƙe su, suke kuma cutuwa da ita ba tare da an ƙirga su, ko an tambaye su, ko an yi musu magani ba. Ni ma'aikacin jinya ne da ya yi mafi yawan aikinsa a ɗakunan kwantar da manya na asibitocin gwamnati a Arewa, kuma abin da zan faɗa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa aikin dare a irin waɗannan ɗakuna. Kai na zaɓa in rubuto wa, ba shugaban hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ba, saboda tsohon da ba ya iya barci sai da ƙwaya majinyaci ne, kuma ofishinka ne yake da alhakin majinyata.

Duk inda aka ɗauko zancen shaye-shaye a ƙasar nan, a huɗubar Juma'a ne, ko a gidan rediyo, ko a gangamin wayar da kai, abin da yake zuwa zuciyar mai magana da mai sauraro ɗaya ne: saurayi a kango ko a bakin kwalbati, da kwalbar maganin tari a hannu. Wannan gaskiya ne, ba kuma ina neman a rage ko kwabo daga abin da ake kashewa don ceto matasa ba. Sai dai abin ya cika mana ido har mun daina ganin mahaifin saurayin, wanda yake zaune a sahun gaba yana gyaɗa wa liman kai, alhali a aljihun rigarsa akwai ƙullin ƙwayoyin da ba ya iya fita gona ko kasuwa sai ya haɗiye su, shi kansa kuma bai taɓa lissafa kansa cikin waɗanda ake yi wa wa'azin ba.

Ƙididdigar hukuma ma haka ta tsallake shi. Babban binciken da aka yi kan ta'ammali da ƙwaya a Najeriya shi ne wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, aka fitar da sakamakonsa a farkon 2019. Shi ne ya gaya mana cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin 100, sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, cewa miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi masu sa maye irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba, kuma miliyan 2.4 sun sha maganin tari don maye. Amma binciken ya tsaya ne a kan masu shekara 15 zuwa 64, kuma giya ba ta cikin wancan babban adadi. Duk wanda ya cika 65 ba a ƙwanƙwasa ƙofarsa ba, alhali masu waɗannan shekaru sun kai kimanin kashi 3 cikin 100 na al'ummar ƙasar, wato sama da mutum miliyan 6. Abin da ya kamata ya ƙara tayar mana da hankali shi ne, binciken da kansa ya nuna cewa shan magungunan kashe zafi da maganin tari ba bisa ƙa'ida ba yana da yawa a tsakanin masu shekara 45 zuwa 64. Wanda yake da shekara sittin a lokacin binciken, yau ya doshi saba'in, kuma babu dalilin zaton cewa ranar da ya cika 65 ya tashi ya zubar da ƙwayarsa, tunda ciwon da ya kai shi gare ta ƙaruwa ya yi. Hukumar duniya mai sa ido kan magunguna masu sa maye ta keɓe babin farko na rahotonta na 2020 ga wannan batu, ta kira shi ɓoyayyiyar annoba, ta kuma yi nuni da cewa ƙasashe da yawa suna tsayar da ƙirgarsu kafin ta iso kan tsofaffi. Don haka roƙona na farko mai sauƙi ne: duk binciken ƙasa da za a sake yi, ma'aikatarka ta tsaya kai da fata a cire wannan iyaka ta shekara 64, a haɗa da giya da magungunan kemis, a kuma tura mata su shiga gidaje su tambayi mata, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ranka ya daɗe, hanyar da tsoho yake bi ya faɗa cikin wannan hali ba irin ta saurayi ba ce. Yawanci ciwo ne yake kai shi. Manomin da ya yi shekara hamsin a duƙe da fartanya, ɗan dakon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sauke buhu a kasuwar hatsi, tsohon direban da hanyar Legas ta cinye masa baya, tsohuwar da ta yi haihuwa goma ta kuma yi daka da surfe duk rayuwarta, duk sukan isa shekara sittin da sanyin ƙashi da ciwon gwiwa da ciwon baya, kuma mafi yawansu ba su da fansho, ba su da inshora, ba su da damar hutawa, domin ranar da ba su fita ba ba za a ɗora tukunya ba. Asibiti yana da nisa, ga kuɗin mota, ga kuɗin kati, ga layi tun asuba. Kemis kuwa yana bakin layi, a buɗe har goman dare, yana kuma ba da bashi.

Wanda ya taɓa tsayawa a kemis ɗin unguwa bayan sallar isha'i ya ga yadda abin yake gudana. Dattijo zai zo ya jingina sandarsa da kanta, ya ce wa yaron shago, “Ɗana, jikin nan duk ya ɗaure, a haɗa mini na gajiya.” Ba za a tambaye shi ko yana da hawan jini ko gyambon ciki ba, ba kuma za a tambaye shi abin da ya sha da safe ba. Yaron zai ɓalle farare biyu daga wannan kati, ja ɗaya daga wancan, ya ƙara da mai kwanso da wata 'yar mitsitsiya, ya ƙulle su a leda, ya ce, “Baba, a sha duka bayan an ci abinci.” Babu suna a jikin ledar, babu adadi. Washegari dattijo zai tashi jikinsa sakayau, ya sa wa yaron albarka, daga ranar kuma ya samu likita.

Abin da yake cikin irin wannan haɗi sananne ne ga ma'aikatan lafiya. Sau da yawa akwai magungunan ciwon jiki biyu ko uku 'yan gida ɗaya, kamar diklofenak da ibufurofen da firoksikam, waɗanda ko ɗaya daga cikinsu ya isa ya ji wa cikin tsoho rauni har ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, ya ɗaga masa hawan jini, ya kuma gajiyar da ƙodarsa. Akan ƙara da deksametason ko firednisolon, masu sa mutum ya ji ƙarfi nan take, amma idan aka daɗe ana sha su tayar da ciwon sukari, su kumbura fuska, su raunana ƙashi. Sannan a wasu shagunan a jefa tiramol ko diyazafam, kuma su ne suke ɗaure mutum ya kasa rabuwa da haɗin. Doka ba ta yarda mai kemis ya ajiye waɗannan biyun ba, sai kantin da yake da masanin haɗa magunguna, shi ma sai da takardar likita. Tiramol ɗin da hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, amma wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya yakan kai 200 ko 225, kuma shi ne yake yawo a tire da baro a kasuwannin ƙauye da sunan maganin ƙarfi. Tsohon da ya saba da shi, ranar da bai samu ba zai wayi gari da hamma da gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin sukuni, sai ya ɗauka tsohon ciwonsa ne ya dawo, alhali jikinsa ne yake neman ƙwayar. Haka zai ƙara, haka kuma zai yi ta ƙarawa, har wata rana ya faɗi yana jijjiga a bakin kasuwa a ce farfaɗiya ce ta same shi da tsufansa.

Jikin tsoho ba ya sarrafa magani kamar na mai ƙuruciya. Ruwan jikinsa ya ragu, tsoka ta ja baya kitse ya maye gurbinta, hanta da ƙoda sun rage sauri, ƙwaƙwalwa kuma abu kaɗan yake taɓa ta. A ɗauki diyazafam, wanda aka fi sani da maganin barci. A jikin ɗan shekara 20 rabinsa yakan fita cikin kimanin kwana guda, amma a jikin ɗan shekara 80 yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, don haka tsohuwar da take shan ƙwaya ɗaya kowane dare tana tara na jiya ne a kan na shekaranjiya, har ta kai tana yini cikin magagi. Daga nan sai faɗuwa. Za ta tashi da tsakar dare don kama ruwa, ko da asuba don alwala, jiri ya ɗebe ta a bakin makewayi, ƙashin ƙugu ya karye. A kai ta wajen mai ɗori, ta kwanta wata da watanni, gyambon kwanciya ya fito, ciwon huhu ya biyo baya, kuma da yawa daga cikin masu irin wannan karaya ba sa sake taka ƙafarsu. A wajen zaman makoki za a ce faɗuwa ta yi, tsufa ne, kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, mun yi imani da haka, amma sababin yana nan cikin 'yar ledar da take ƙarƙashin matashinta, kuma sababi ne da za a iya kauce masa.

Da gangan na kawo misalin mace. Binciken da na ambata ya nuna cewa ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya mace ce, kuma a cikin tsofaffi mata ne suka fi ɓoyuwa, domin ba su ne suke zuwa kemis ba, jika ake aika. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watsu neman abinci a Abuja da Legas, gidan da yake cike ya koma ita kaɗai da rediyo. Idan ta zo asibiti ba za ta ce tana cikin ciwon damuwa ba, za ta ce, “Ɗan nan, tunani ya yi mini yawa, barci ya ƙaurace mini, ƙirjina yana bugawa.” Likitan da yake da mutum tamanin a layi zai rubuta mata maganin barci na mako biyu, wataƙila lokacin tana takaba, daga nan kuma da tsohon kwalin za a riƙa zuwa saye shekara da shekaru, babu wanda ya sake duba ta. Dole ne a faɗi wannan a fili: wani ɓangare mai yawa na wannan matsala a asibiti yake farawa, da alƙalamin ma'aikacin lafiya, ta hanyar maganin da aka rubuta da kyakkyawar niyya aka kuma manta a ce ga ranar dainawa.

Zancen giya ya fi wuyar faɗa a wannan yanki, amma rashin faɗarsa bai hana a kawo mana masu kumburarren ciki da idanu rawaya ba. A jihohin da suka fara aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000 an hana sayar da ita a fili, ba kuma ina jayayya da wannan ba. Sai dai hani bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba, ɓoyewa ya koya masa. Akwai dattawan da suka fara sha tun suna bariki ko suna kan hanya da manyan motoci suka tsufa da ita, akwai kuma waɗanda sai bayan ritaya suka fara, lokacin da fansho ya maƙale, masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. A yankunan da giya take cikin al'adar yau da kullum, kamar sassan Filato da kudancin Kaduna, abin da ya fi burukutun gargajiya ɓarna yanzu shi ne ogogoro da goskolo da 'yan ledoji da ƙananan kwalabe masu ƙarfi da araha, waɗanda suke shiga aljihu ba a gani. Akwai kuma wanda ya fi ba ni tausayi, wato dattijon da ko kusa da kwalbar giya ba zai zauna ba, amma kowace yamma yana kurɓar wani baƙin ruwa mai ɗaci da aka ce masa maganin basir ne ko na ciwon baya, bai san cewa wasu daga cikin irin waɗannan da barasa aka haɗa su ba. Lokacin da NAFDAC ta ƙuduri hana giyar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, aka fara aiwatarwa a Fabrairun 2024 sannan aka yi ta ja-in-ja a kai, hujjar da aka fi kawowa ita ce yara. Hujja ce mai kyau, amma tsohon da yake shan maganin ciwon sukari ya ɗora giya a kai sukarinsa ya faɗi ya suma, ko wanda ya haɗa ta da tiramol ko maganin barci numfashinsa ya tsaya cikin dare, shi ma hujja ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya a 2019, kuma mafi yawan wannan mutuwa ta hanyar cututtukan da suke taruwa a hankali ne, irin su na hanta da zuciya da daji, waɗanda sai an manyanta suke bayyana.

An taɓa kwantar mana da wani dattijo da karaya a cinya, mutum mai kamala, da farin gemu, 'ya'yansa suna ta kai da kawo a kansa. Ya yi kwana biyu lafiya lau. A dare na uku hannunsa ya fara rawa, gumi ya jiƙa zanin gado, ya fizge robar ƙarin ruwa, yana kakkaɓe wasu ƙwari da shi kaɗai yake gani, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Wasu daga cikin iyalinsa suka ce aljanu ne a kira mai ruƙiya, wasu suka ce gigin tsufa ne ya zo masa lokaci guda. Sai da aka keɓe da uwargidansa, bayan dogon shiru, ta sunkuyar da kai ta ce, “Yana ɗan shan abin nan, amma yaran ba su sani ba.” Abin da ya same shi shi ne ruɗewar da take kama wanda jikinsa ya saba da giya aka yanke masa ita kwatsam, wadda takan zo bayan kwana biyu ko uku, kuma tana kisa idan ba a gane ta ba. Maganinta ba shi da tsada: a kwantar masa da jijiyoyi da magani bisa awo da sa ido, a ba shi ruwa da sinadarin tiyamin. Allah Ya sa ya tashi. Da a ce ranar da aka karɓe shi akwai wanda ya yi masa tambaya ɗaya a keɓe, da an tare abin tun kafin ya zo, da kuma asirinsa bai kusa tonuwa a gaban 'ya'yansa da maƙwabtan gadonsa ba.

Me ya hana a yi tambayar? Kunya ce da girmamawa. Ma'aikaciyar jinya 'yar shekara ashirin da biyar ba za ta iya kallon sa'an kakanta ta ce, “Baba, kana shan giya?” ba, kuma ba zan ga laifinta ba, domin tarbiyyar da ta hana ta tarbiyya ce ta gari. Hanyar warware wannan ita ce a ɗauke nauyin daga kanta a ɗora wa takarda. Idan tambayar tana rubuce a katin kowane majinyaci, ana yi wa kowa kamar yadda ake auna wa kowa hawan jini, to babu wanda zai ji an zarge shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da tsara irin waɗannan tambayoyi, guda 10 na giya waɗanda ake iya taƙaita su zuwa 3, da wasu na sauran ƙwayoyi. Abin da ya rage shi ne a zauna da masu harshe a mayar da su Hausa da Fulfulde da Kanuri da sauran harsunanmu cikin lafazin da dattijo zai amsa ba tare da ya ji an ci masa fuska ba, a kuma koya wa ma'aikatan asibitocin matakin farko yadda ake yin su a keɓe, bayan an nemi 'ya'ya su ɗan ba da wuri. Tare da wannan, a mayar da shi ƙa'ida cewa duk mai shekara sittin zuwa sama da zai zo asibiti ya zo da ledar duk abin da yake sha, na likita da na kemis da na gargajiya, a zazzage a kan tebur a duba. Na ga abin da wannan ɗan aiki yake tonowa, kuma ba ya cin ko sisi.

Bayan an gano, ina za a kai shi? Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau suna iya ƙoƙarinsu, amma sassan da suke kula da masu shaye-shaye cike suke da samari, kuma dattijon da yake da surukai da jikoki zai gwammace ya mutu a ɗakinsa da a ce an gan shi a inda jama'a suke kira asibitin mahaukata. Ban da haka, shi ba ciwo ɗaya yake ɗauke da shi ba, yana da hawan jini da sukari da ƙoda da suke buƙatar kulawa lokaci guda. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma har yau likitocin wannan fanni 'yan ƙalilan ne, a Arewa ma abin ya fi ƙaranci. Ba za mu jira sai an gina irinta a kowace jiha ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta buɗe ƙofar shigar da wannan kulawa cikin asibitocin yau da kullum. Wurin da ya dace da tsoho shi ne ɗakin da ya saba zuwa karɓar maganin hawan jini da sukari, inda babu wanda zai san abin da ya kawo shi. A can za a riƙa rage masa maganin barci ko tiramol kaɗan-kaɗan cikin makonni, domin yanke su lokaci guda yana iya jawo jijjiga. Kada kuma a saurari masu cewa wanda ya kai saba'in a ƙyale shi ya ƙarasa da abinsa. Binciken masana ya nuna cewa tsofaffin da suka shiga magani suna samun nasara kamar matasa ko ma fiye, kuma shekara biyar ta hankali kwance a cikin jikoki ba ƙaramin abu ba ce.

Akwai gargaɗin da nake so in yi da babbar murya. An hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a Mayun 2018, an kuma tashi 'yan kasuwar magani na Sabon Garin Kano zuwa cibiyar Dangwauro a 2024, duk kuma matakai ne da nake goyon baya. Amma toshe hanyar ƙwaya ba tare da an magance ciwon da ya kai tsoho gare ta ba kamar rufe rijiya ce ba a haƙa wata ba, mai ƙishi zai koma kududdufi ne. Gwiwar tana nan tana ciwo, barcin yana nan bai zo ba. Abin takaici ma shi ne, yayin da tiramol mai ƙarfin 225 yake yawo a tasha, tsohon da ciwon daji ya ci ƙarfinsa yakan rasa mofin na halal, wato maganin kashe zafi mai tsanani, a asibiti, saboda ƙarancinsa da kuma tsoron da ma'aikata suke yi na rubuta shi. Tsofaffi suna da haƙƙin a kashe musu zafi ta hanyar da ta dace: maganin da ya yi daidai da ƙodarsu, da na shafawa, da gashin ƙashi, da sanda, da tabarau, da wanda zai saurari damuwarsu. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa asusun masu rauni ta kuma lissafa tsofaffi a cikinsu. Ranar da manomin ƙauye mai shekara saba'in zai shiga asibitin garinsu a duba gwiwarsa ba tare da ya sayar da akuya ba, ranar ne haɗin kemis zai fara rasa kasuwa.

Su ma masu kemis ban ɗauke su abokan gaba ba. A ƙauyuka da yawa su ne kaɗai abin da ya yi kama da asibiti, kuma sun san kowane tsoho da abin da yake saye fiye da 'ya'yansa. Majalisar kula da harkar magunguna, wadda sabuwar dokarta ta 2022 ta ƙara wa ƙarfi, ta hukunta wanda aka kama da tiramol da diyazafam, wannan daidai ne, amma ta kuma tara sauran ta koya musu haɗarin haɗa magunguna ga mai shekaru, ta hana ƙulla ƙwaya a leda babu suna, ta ba su takardar tura majinyaci asibiti mafi kusa. Haka nan Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, da limamai da fastoci da masu unguwanni, ya kamata ma'aikatarka ta ba su saƙon da za su isar, ta rediyo musamman, tunda ita ce abokiyar hirar tsoho. Saƙon kada ya zo da kalmar ɗan ƙwaya, domin babu dattijon da zai amsa wannan suna. Ya zo da maganar maganin da ya fi ƙarfin jiki, ya kuma gaya wa 'ya'ya cewa idan suka gano abin da mahaifinsu yake sha kada su ƙwace su zubar, kada su tara masa dangi, kada su kai shi gidan mari, su raka shi asibiti cikin sirri.

Yallaɓai, mafi yawan abin da na roƙa ba ya buƙatar sabuwar doka ko sabon gini. Takardar umarni daga ofishinka ta isa ta sa asibitocin tarayya su fara tambaya da duba ledar magani, sauran kuma a gabatar da shi a zaman Majalisar Lafiya ta Ƙasa mai zuwa, inda kwamishinonin lafiya na jihohi suke hallara, domin asibitocin da tsofaffin karkara suke zuwa a hannunsu suke. Ina roƙon ka sa wannan batu cikin ajandar wannan zama.

Allah Ya ba ka ikon yin abin da ya dace.

Naka cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin jinya daga Kano